Jirgin da ya bi inuwar wata

Hausawa suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. A Damagaram akwai masu kiwon doki, waɗanda ba su runtsawa sai sun ji dabbar ta gama cin harawarta. Akwai masu tattabaru da suka san kowace da kamanninta, akwai kuma masu turke rago watanni da dama kafin Layya. A cikin Birni kuwa akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya koyar a kwalejoji fiye da shekara talatin kafin ya ajiye aiki, wanda shi nasa kiwon jiragen sama ne. Ba shi da ko guda, kuma ban da zuwa aikin Hajji da dawowa bai taɓa shiga jirgi ba. Garkensa yana cikin litattafan rubutu irin na ƴan makaranta, goma sha biyu, ɗaure da tsumma a cikin akwatin ƙarfe. Kowane jirgi da shafinsa: hoton da aka yanko daga tsohuwar mujalla ko aka zana da fensir, shekarar da ya fara tashi, gudunsa, nisan da yake kai wa a sama, da abin da ya zama ƙarshensa.

Litattafai takwas na farko da Faransanci ya rubuta su, harshen da ya yi karatu da koyarwa da shi. Huɗun ƙarshe da Hausa suke. Wannan sauyi shi ne ya sa labarinsa ya cancanci kunnen masu nazarin harshe, domin mutumin da ya ɗauki alƙalami zai bayyana injin jirgin yaƙi da Hausa ya shiga gonar da ba a cika nomawa ba.

Jiragen fasinja na yau da kullum ba su ɗaɗa shi da ƙasa ba. Yakan ce duk kamarsu ɗaya, kamar buhunan gero a rumbu. Abin da ke motsa zuciyarsa shi ne jirgi mai gudun da ya wuce misali, ko mai siffar da ido bai saba da ita ba. Shafin farko na littafin farko na X-1 ne, ɗan ƙaramin jirgin Amurka mai kamar harsashi, wanda Chuck Yeager ya tuƙa ranar 14 ga Oktoba 1947 ya zama mutum na farko da aka tabbatar ya wuce gudun amo. Bayansa akwai X-15, wanda ba ya tashi da kansa sai wani babban jirgi ya ɗauke shi a ƙarƙashin fiffike ya sake shi a sama, wanda kuma ranar 3 ga Oktoba 1967 ya yi gudun kilomita 7,274 a awa.

Amma wanda ya ci shafuka mafi yawa shi ne SR-71, baƙin jirgin leƙen asiri na kamfanin Lockheed, wanda ya fara tashi a watan Disamba 1964. Dattijon yana son ba da labarinsa dalla-dalla, kamar mai ba da tarihin wani sarki. Gugar iska a irin wannan gudu tana sa jikin jirgi ya yi zafin da goran ruwa ba zai jure ba, don haka aka ƙera mafi yawansa da ƙarfen titaniyom. Amurka ba ta da isasshensa a lokacin, sai ta bi ta hannun ƴan tsakiya ta saye shi daga Tarayyar Sobiyat, ƙasar da aka ƙera jirgin domin a leƙa asirinta. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi, saboda haka aka bar ƴan giɓi tsakanin fallayen jikinsa, har ya zamana idan yana tsaye a ƙasa mai yana ɗiga daga cikinsa kamar tsohuwar tulu, sai ya hau sama ya yi zafi sannan jikin ya haɗe. Ba ya ɗauke da bindiga ko bom. Idan aka harbo masa makami mai linzami, dabarar matuƙinsa ita ce ya ƙara wuta. An ƙera 32, an yi asarar 12 a haɗurra, ba a taɓa kakkaɓo ko ɗaya ba. Ranar 28 ga Yuli 1976 ya yi gudun kilomita 3,529 a awa. Tsohon malamin lissafi ba ya barin lamba ta tsaya a takarda kawai: a gefen shafin ya rubuta cewa a wannan gudu, tafiyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900 da motar fasinja ke wuni tana yi, ba za ta kai minti goma sha shida ba. Abin da ya fi ba shi dariya kuwa shi ne mutanen tsibirin Okinawa na Japan, inda aka girke jirgin, sun laƙaba masa sunan wani macijinsu mai dafi, Habu. Yakan ce ashe har a can ƙarshen duniya an san Habu da rashin zama wuri ɗaya.

Wannan bege yana da mafari, kuma mafarin a sararin Nijar yake. Ranar Asabar 30 ga Yuni 1973 aka yi kusufin rana, ɗaya daga cikin mafiya tsawo a ƙarni na ashirin. Inuwar wata ta ratso Muritaniya da Mali ta shigo arewacin Nijar, ta ƙasar Abzin, inda duhun ya kai minti bakwai da ƴan daƙiƙu, sannan ta wuce Cadi ta nufi gabashin Afirka. A Damagaram rana ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Shi dattijon, wanda a lokacin yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, yana tuna yadda haske ya dusashe da tsakar rana, yadda ɗigon hasken da ke ƙarƙashin itatuwa ya koma siffar jinjirin wata, da yadda manya suka nufi masallatai. Bai san cewa a daidai wannan sa'a, can arewa, wani farin jirgi yana tsere da inuwar ba. Sai bayan shekaru, yana ɗalibin horon malanta, ya ci karo da labarin a wata tsohuwar mujallar kimiyya.

Jirgin shi ne Concorde 001, samfurin gwaji na farko na jirgin fasinjan da Faransa da Ingila suka haɗa hannu suka ƙera, wanda ya fara tashi a Tuluz ranar 2 ga Maris 1969. Wani matashin masanin taurari, Pierre Léna, shi ya kai shawarar ga matuƙin gwajin jirgin, André Turcat. Lissafin mai sauƙi ne, mai daɗi kuma ga wanda ya san lissafi. Wata yana tafiya wajen kilomita ɗaya a kowace daƙiƙa, wato kimanin kilomita 3,700 a awa, inuwarsa kuma tana bin gabas. Doron ƙasa shi ma gabas yake juyawa, kuma a yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya gudun juyawarsa ya haura kilomita 1,500 a awa. Idan aka ɗebe wannan daga wancan, da tsakar rana a kan Sahara inuwar ba ta fi kilomita dubu biyu da ƴan kai a awa ba. Wannan kuwa shi ne gudun Concorde. Sai aka huda rufin jirgin aka sa tagogi, tunda a wannan lokaci rana tana bisa kai, aka ɗora na'urorin masana daga Faransa da Ingila da Amurka. Ya tashi daga tsibiran Kanari, ya tari inuwar a kan Muritaniya a tsayin kusan kilomita 17, ya zauna cikinta minti 74 kafin ta tsere masa, sannan ya sauka a Fort-Lamy, wadda yau ake kira Njamena. Waɗanda ke ƙasa sun samu minti bakwai, waɗanda ke cikin jirgin sun samu ninkinsa goma, suna nazarin kambin hasken da ke kewaye da rana, wanda ba a ganinsa sai ta rufe. Jirgin yana nan ajiye a gidan tarihin jirage na Le Bourget, kusa da Paris.

Duk wanda ya rayu a wannan ƙasa ya san wace shekara ce 1973. Farin da ya fara tun ƙarshen shekarun 1960 a lokacin ya kai maƙura. Shanu da raƙuma sun mutu a bakin rijiyoyi, makiyaya sun gangaro kudu hannu rabbana, wasu sun yi sansani a Lazare a gefen Yamai suna jiran tsabar taimako. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seini Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon yunwa yana cikin dalilan da suka bayar. Ke nan a ranar da jirgi mafi kyau a duniya yake bin inuwa a sama, mutanen da inuwar ta rufe suna neman abin da za su sa a tukunya.

Wani amininsa, wanda suka yi koyarwa tare, shi ne ya fi tsananta masa a kan wannan. Wata rana da suke zaune a zaure ya ce masa: "Malam, ka dubi Allah. Mutanen nan sun ƙona man da zai ciyar da gari guda don su kalli duhu. Sauran jiragen da kake tarawa kuwa, me aka yi su domin shi in ban da kisa da leƙen asiri? Kai kuma ka zauna kana yi musu kirari." Dattijon bai musa ba. Ya ce: "Alhaji, gaskiyarka. Amma takobin da ke hannun azzalumi, maƙerin da ya yi shi gwani ne, kuma wanda ya ƙi koyon ƙira saboda fushi da takobi, shi da garma sai dai ya saya."

Amsar ba ta gamsar da aminin ba, shi kansa mai amsar ba ta kwantar masa da rai gaba ɗaya ba. Shaidar haka tana cikin littafi na tara, na farko da ya rubuta da Hausa. A nan ya buɗe shafi ga wani jirgi da ba shi da gudu ba shi da kyau: Hercules, ƙaton jirgin sufurin soja mai farfela huɗu, wanda ya fara tashi a 1954, wanda gudunsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na Concorde ba. Irinsa ne, tare da Transall na Turai, suka riƙa jigilar hatsi zuwa garuruwan Sahel a shekarun yunwar, suna sauka a filayen da ba su da kwalta. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa wannan shi ne jakin sama, kuma ranar wahala jaki ake nema. Concorde kuwa, guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi aikin fasinja, kujerarsa sai attajiri. Bayan haɗarin da ya yi kusa da Paris ranar 25 ga Yuli 2000, inda mutum 113 suka rasu, bai daɗe ba aka ajiye shi a 2003. Yau mai zuwa Amurka daga Turai yana ɓata ninkin lokacin da fasinjan Concorde ya ɓata shekara arba'in da suka wuce. Hercules har yanzu ana ƙera shi. Sauri, in ji masu magana, ya haifi nawa.

Zamani kuma ya kawo jiragen soja har bakin ƙofa. Shekaru da dama jiragen yaƙin Faransa suna tashi daga Yamai, jiragen Amurka marasa matuƙi suna tashi daga Agadas, kafin Faransawa su kwashe a ƙarshen 2023, Amurkawa su bi bayansu a 2024. A waɗannan shekaru dattijon ya lura da wani abu da ya dame shi fiye da gardamar amininsa. Mutane suna jin ruri a sama, suna muhawara a majalisu a kan alherinsa da sharrinsa, amma kalmominsu ba su wuce biyu ko uku ba. Duk abin da ya tashi jirgi ne. Ba a bambanta mai ɗaukar hoto da mai ɗaukar bom, ba a bambanta mai jigila da mai farauta. A ganinsa, wanda ba ya iya faɗin sunan abin da ke shawagi a kansa ba zai iya tambayar hukuma a kansa da hujja ba. Daga nan ya daina Faransanci a litattafansa.

Da ya fara sai ya tarar harshen ya riga ya yi rabin aikin. Kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, abin da ake ƙetare kogi da shi. Da baƙin abubuwan hawa suka zo, Hausa ta faɗaɗa ta, aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama, har tsohon mai sunan ya koma sai an ce jirgin ruwa kafin a gane shi. Aikatau tuƙa ya biyo ta daga kogin, da sunan mai aikin, matuƙi, a kan ƙirar nan ta manomi da maɗinki. Bafaranshe ta tsuntsu ya bi: Clément Ader ya gina kalmar avion daga sunan tsuntsu a Latin, ita ce ta zama abiyo a bakin wasu mutanen Nijar. Hausa ta aro daga tsuntsun abin da take buƙata kawai, wato fiffike da wutsiya da shawagi, ta kuma dubi yadda ungulu ke dira ta raɗa wa helikwafta suna jirgi mai saukar ungulu.

Sauran rabin ne ya zame masa aiki. A nan jikarsa ta shigo, ɗaliba a sashen nazarin harsuna, wadda ke zuwa hutu Damagaram. Tsakaninsu akwai wasan kaka da jika, kuma gardamarsu ba ta ƙarewa. Kalma ta farko da suka yi daga a kanta ita ce sunan jirgin da ya fi amo gudu. Ya tsaya tsakanin ƙara da amo da sauti, ya ajiye sauti domin ta fi zama a bakin malamai, ya ajiye ƙara domin tana nuna ƙarfin abin da aka ji kawai, ya zaɓi amo. Sannan ya bi ƙirar harɗaɗɗun sunaye masu farawa da aikatau, irin su rigakafi da hana-salla da dafa-duka, ya ce riga-amo, wato wanda ke isa kafin a ji shi. Jikar ta ce: "Kaka, a baki ya yi daɗi, amma a takarda fa? Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Mai karatu zai ɗauka wata sabuwar riga ce ta shigo kasuwa." Ta kawo wuce-amo. Ya ce nata ya fi fita sarai, nasa ya fi kama da Hausa, ya rubuta su duka biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Wasu kalmomin ba su sha wahala ba. Kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi ta zama kujerar tsira. Fashewar da ake ji a ƙasa idan riga-amo ya wuce, wadda ta sa ƙasashe da dama suka hana Concorde yin cikakken gudunsa a kan garuruwansu, ya kira ta tsawar rani, domin tsawa ce ba hadari. Ma'aunin da ke kwatanta gudun jirgi da gudun amo, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyya Ernst Mach, sun yarda a bar shi mak, tunda sunan mutum ba a fassara shi. A kan titaniyom ma ba su yi jayayya ba. Ƙa'idar da suka cim ma a hankali ita ce: abin da ido ke gani ko kunne ke ji, a nemo masa suna daga cikin gida, abin da yake ma'auni ne ko sinadari da duniya ta yi tarayya a kansa, a are shi a gyara masa lafazi.

Ita ce kuma ta nuna masa cewa rigimar suna ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ingila da Faransa sun yi shekaru suna ja-in-ja a kan harafi ɗaya, ko a rubuta sunan jirginsu da e a ƙarshe irin na Faransanci ko a bar shi irin na Ingilishi, sai a 1967 ministan fasaha na Ingila, Tony Benn, ya amince da rubutun Faransawa. Sunan MiG na jiragen Rasha haruffan farko ne na masu zana su, Mikoyan da Gurevich, ƙaramin i na tsakiya kuma shi ne "da" a harshensu. Ƙungiyar NATO ta yi amfani da tsari sukutum na laƙaba wa jiragen Sobiyat sunaye: harafin farko yana nuna aikin jirgin, yawan gaɓoɓin kalmar yana nuna irin injinsa, gaɓa ɗaya ga mai farfela, gaɓa biyu ga mai injin jet. Manyan ƙasashe ma zama suke yi su ƙirƙiri kalma, kuma ba su jin kunyar hakan.

A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka tana ba harshe matsayi, amma kalmomin da zai yi aiki da su a aji da asibiti da filin jirgi sai mutane sun zauna sun nemo su ɗaya bayan ɗaya, sun gwada su a baki, sun yar da waɗanda suka ƙi zama. Galibi ana jiran kwamiti ya yi wannan aiki. Litattafan dattijon suna nuna wata hanyar: mutum ya so wani abu ƙwarai, har son ya tilasta masa neman yadda zai faɗe shi da harshen uwarsa. Mai son ƙwallo da mai gyaran babur da ungozoma duk suna da irin wannan taska, mafi yawanta ba a rubuce ba.

Idanunsa sun fara rauni, rubutun littafi na goma sha biyu ya fi na baya girma da karkacewa. Jikar ta fara kwafe litattafan Hausar huɗu a kwamfuta, ta ware kalmomin da ya ƙirƙira, sun kai ɗari da ƴan kai, tana niyyar gwada su a kan ƴan makaranta da makanikai ta ga waɗanda za a gane ba tare da bayani ba. Ta gaya masa cewa watakila rabinsu ba za su rayu ba. Ya ce ko a cikin jirage ma samfurin gwaji ya fi wanda ya shiga aiki yawa, kuma ba a kiran wanda ya faɗi asara idan an koyi wani abu daga faɗuwarsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, cewa kada ta zaɓa tsakanin riga-amo da wuce-amo tana zaune a ofis. Ta kai su tasha da kasuwa, wadda mutane suka ɗauka ita ce kalmar.